Makircin Albarushi: Ma'anar Sunan da Yadda Ya Yi Rassa a Turanci

A tsakar daren 4 ga Nuwamba 1605, wayewar garin 5 ga wata, wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Sir Thomas Knyvet suka kutsa wani ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin zauren majalisar manyan masu sarautar Ingila a Westminster, suka tarar da wani mutum cikin shirin tafiya, da hula da alkyabba da takalman hawa, yana ɗauke da fitila da agogo da igiyar kunna wuta. Da aka yaye tarin itace da gawayin da ke bayansa, sai ga ganga 36 maƙare da albarushi. Mutumin ya ce sunansa John Johnson, kuma shi baran wani mai suna Thomas Percy ne, amma bayan 'yan kwanaki a kurkukun Hasumiyar Landan, inda Sarki James na Ɗaya ya ba da izini a rubuce cewa a gana masa azaba daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, sai ya faɗi sunansa na gaskiya, Guy Fawkes. Abin da aka bankaɗo a wannan dare shi ne Turawa ke kira "the Gunpowder Plot", kuma ko da yake labarin ya shahara, sunan kansa ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin kowace kalma a cikinsa tana da nata tarihin, har biyu daga cikin kalmomin da ke tattare da lamarin sun bi hanya sun iso bakin Bahaushe ba tare da ya san daga ina suka taso ba.

Asalin rikicin na addini ne. Tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya mabiya ɗarikar Katolika a Ingila suke cikin ƙunci, inda doka ta tilasta wa kowa halartar cocin gwamnati, wanda ya ƙi kuwa, daga 1581, ana cin sa tarar fam 20 duk wata, kuɗin da sai attajiri ke iya biya. Da James ya hau gadon sarauta a 1603, Katolika suka sa rai da sassauci, tun da mahaifiyarsa, Mary ta Sikotlan, 'yar ɗarikarsu ce, amma kafin shekara ta zagayo sai ya umarci limamansu su fice daga ƙasar. A ranar 20 ga Mayu 1604 mutum biyar suka gana a wani masauki a Landan, suka yi rantsuwar rufe sirri, daga baya adadinsu ya kai 13. Shirinsu shi ne su tashi majalisa ranar da za a buɗe ta, lokacin da sarki da fadawansa da manyan limamai da alƙalai da wakilai za su hallara a ɗaki guda, sannan su ɗauke 'yar sarki mai shekara 9, wadda ita ma sunanta Elizabeth, su ɗora ta a kan karaga. Kanwa uwar gamin duka shi ne Robert Catesby, wani ɗan gidan arziki daga tsakiyar Ingila. Fawkes, haifaffen York a 1570, soja ne da ya yi wa Sifaniya yaƙi a yankin Holan da Beljiyam na yau, an kuma jawo shi ne saboda ya san kan albarushi, kuma fuskarsa baƙuwa ce a Landan. Asiri ya tonu ta wata wasiƙa marar sa hannu da aka kai wa Lord Monteagle ranar 26 ga Oktoba, ana gargaɗinsa kada ya halarci zaman, shi kuma ya miƙa ta ga babban sakataren sarki, Robert Cecil. An harbe Catesby da Percy da wasu biyu a gidan Holbeche ranar 8 ga Nuwamba, aka gurfanar da takwas ranar 27 ga Janairu 1606, aka kashe su a ranakun 30 da 31 ga watan.

Kalma ta farko a sunan ba ta da wahala, domin "gunpowder" albarushi ne, garin da ake ɗura wa bindigar toka. Inda mai koyon Turanci zai iya tuntuɓe shi ne ginin sunan. Turanci yana jera suna biyu ba tare da mahaɗi ba, na ƙarshe shi ne jigo, na farko yana bayyana shi, kuma ba ya faɗin irin dangantakar da ke tsakaninsu, sai mai sauraro ya cike da saninsa. Hausa kuwa jigo take gabatarwa ta liƙa masa mahaɗi, ta ce Makircin Albarushi, kuma kunnen Bahaushe ya saba da cewa abin da ya biyo bayan "makircin" shi ne mai ƙulla shi, kamar a ce makircin maƙiya ko makircin Shaiɗan, har wanda bai san labarin ba zai iya zaton Albarushi sunan wani bafade ne. A Turanci kuwa wannan gurbi na farko yana karɓar kusan komai. Akwai makircin da aka sa wa sunan mai hannu a ciki, irin "Babington Plot" na 1586, wanda ya kai Mary ta Sikotlan ga hauni a shekarar da ta biyo baya. Akwai wanda aka sa wa sunan wuri, irin "Rye House Plot" na 1683, gidan da aka shirya yi wa Sarki Charles na Biyu kwanton ɓauna. Akwai wanda aka sa wa sunan waɗanda ake zargi, irin "Popish Plot" na 1678, wato makircin mabiya Fafaroma. Na 1605 kuwa sunan makami ya ɗauka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a idon mutanen lokacin, domin sun saba da kisan sarakuna da wuƙa ko guba ko harsashi, abin da ba su taɓa ji ba shi ne a yi niyyar hallaka shugabannin ƙasa kaf a ƙiftawar ido, har da Katolikan da ke cikin zauren da talakawan da ke maƙwabtaka. Albarushin ne abin firgitar, shi ya sa ya mamaye sunan. Ƙaramar kalmar nan "the" da manyan baƙaƙen da ake rubuta sunan da su suna nuna cewa abu guda tilo ake nufi, kamar yadda ɗan Najeriya idan ya ce Yaƙin Basasa ba ya bukatar ya ƙara da cewa na 1967 zuwa 1970 yake nufi.

Kalma ta biyu ce mai zurfi, kuma Bahaushe ya riga ya san ta ta wata ƙofa. Duk wanda ya taɓa zama gaban dillalin filaye ya ji ana cinikin fuloti mai ƙafa 50 da 100, to wannan fulotin shi ne "plot", kuma ma'anar da ta shigo Hausa ita ce mafi tsufa a Turanci, wato ɗan yankin ƙasa da aka shata. Daga fili sai kalmar ta koma nufin zanen fili, taswirar da magini ke bi, a ƙarni na 16. Daga zanen gini zuwa zanen abin da ake niyyar aikatawa taki ɗaya ne, kuma masana harshe suna ganin wata kalmar Faransanci mai kama da ita, "complot", wadda ke nufin haɗa kai a asirce don a yi ɓarna, ita ta ja ta zuwa ga ma'anar makirci a ƙarshen wannan ƙarni. Ashe ke nan a 1605 ma'anar sabuwa ce, ba ta daɗe da fitowa ba. Daga baya kuma wata ma'ana ta huɗu ta kafu, wato zaren labari, yadda marubuci ke tsara aukuwar abubuwa a wasan kwaikwayo ko ƙagaggen labari. Hausa ta ɗauko nata hoton makircin daga sana'ar hannu, shi ya sa ake ƙulla shi, a kitsa shi, a saƙa shi, a kuma warware shi. Bature yana zana nasa kamar taswira, ko kuma ya ce an ƙyanƙyashe shi kamar ƙwai, da kalmar "hatch". Idan ya ce wa mutum "he has lost the plot" kuwa, ba fili ya rasa ba, ba kuma makirci ba, zaren labarin ne ya kuɓuce masa, wato ya ruɗe ya daina gane inda aka dosa.

Turanci yana da wata kalmar da ke gogayya da wannan, wato "conspiracy", kuma ba tagwaye ba ne. Ita daga Latin ta fito, asalinta numfashi tare, abin da ya yi daidai da haɗin baki na Hausa har abin ya ba da mamaki. Haɗin baki sai da mutum biyu ko fiye, kuma ita ce kalmar da lauyoyi ke amfani da ita a takardar tuhuma, alhali mutum ɗaya yana iya zama a ɗakinsa ya ƙulla "plot" shi kaɗai. "Conspiracy" tana kallon mutanen da suka haɗa kai, "plot" tana kallon shirin da aka tsara. Saboda haka wanda ya ce "Gunpowder Conspiracy" bai yi kuskuren nahawu ba, za a kuma fahimce shi, sai dai za a gane baƙo ne, domin al'ada ta riga ta zaɓi ɗaya, kamar yadda ta zaɓi ɗayar ga "Cato Street Conspiracy" na 1820, lokacin da wasu suka shirya kashe ministocin Birtaniya a wajen cin abincin dare.

Sai dai sunan da ya fi yawa a bakin hukuma a shekarun farko ba "plot" ba ne. Takardun gwamnati da huɗubobin coci sun fi cewa "Powder Treason" ko "Gunpowder Treason", wato cin amana da albarushi, kuma bambancin ba na ado ba ne. A yau ana fassara "treason" da cin amanar ƙasa, amma a Ingila ta wancan zamani amanar sarki ake nufi, shi da kansa. Dokar 1351, wadda har yanzu wani sashenta yana aiki, ta lissafa ƙudurta mutuwar sarki a zuci a matsayin babban cin amana, idan an tabbatar da shi ta wani aiki na zahiri, ta kuma ware ƙaramin cin amana ga bara da ya kashe ubangidansa ko mace da ta kashe mijinta. Ta haka ne mutanen da ba su kunna ko tartsatsi ba suka fuskanci hukunci mafi muni a dokar ƙasar, a ja mutum a ƙasa zuwa dandali, a rataye shi, a sauko da shi da sauran numfashi, a farke cikinsa, a raba gawarsa huɗu. Fawkes ya tsira daga rabin wannan azaba domin wuyansa ya karye a kan igiya. Kalmar "plot" tana ba da labarin abin da aka shirya, kalmar "treason" kuwa hukunci take yankewa. Babban lauyan gwamnati, Sir Edward Coke, ya so ya wuce nan, inda ya nemi a riƙa kiran abin "Jesuit Treason", don a jingina laifin ga limaman ƙungiyar Jesuit ta Katolika, kuma shugabansu a Ingila, Henry Garnet, wanda labarin ya iso masa ta hanyar ikirarin zunubi da addininsa ya hana shi fallasawa, an kashe shi ranar 3 ga Mayu 1606. Da sunan da Coke ya so ne ya zauna, da duk yaron da ya koyi tarihin ƙasarsa ya haddace zargin wata ƙungiya tare da darasin. Wata tsohuwar waƙar yara da ake rerawa duk shekara ta adana kalmomin uku a jere, "gunpowder, treason and plot", amma a rubutun masana tarihi da na 'yan jarida ta tsakiyar ta faɗi, aka bar makami da shiri kawai.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta kalmar "plot" da ƙamus ba ya cika bayyanawa, ita ce kusan kullum makircin da ya ci tura take bi. Idan shiri ya yi nasara, Turanci yana sauya masa suna ya koma kisan gilla ko juyin mulki ko juyin juya hali. Babu misalin da ya fi na 1688, domin a wannan shekara wasu manyan Ingila bakwai suka rubuta wa William na Orange, jagoran Holan, wasiƙar sirri suna gayyatarsa ya zo da runduna ya kawar da sarkinsu, James na Biyu, wanda Katolika ne. Da an kama su da wasiƙar, da an fille musu kai. Amma William ya sauka a Brixham, ranar 5 ga Nuwamba ba wata rana ba, sarki ya tsere Faransa, aka kira abin "Glorious Revolution", juyin juya hali mai ɗaukaka, aka kuma ƙara godiyarsa a cikin addu'ar da ake yi ta tunawa da 1605. Rana guda a kalanda ta ɗauki haɗin baki biyu a kan sarakuna biyu, kaka da jika, masu suna ɗaya, ana tsine wa na farko ana yi wa na biyu shagali. Jaridun Turanci na Najeriya suna bin wannan ƙa'ida ba tare da an koya musu ba, suna cewa "coup plotters" ga waɗanda dubunsu ta cika, kamar yadda Hausa ke bambanta juyin mulki da yunƙurin juyin mulki. Duk da haka kalmar ba kullum take zagi ba, domin hafsoshin Jamus da suka dasa wa Hitler bam ranar 20 ga Yuli 1944 ana kiran shirinsu "July Plot", kuma babu mai jin an ci mutuncinsu.

Haɗuwar ma'anar makirci da ta ƙagaggen labari a kalma ɗaya ta yi wa tarihin Ingila wani irin shaguɓe. "Popish Plot" na 1678 bai taɓa wanzuwa ba, wani maƙaryaci mai suna Titus Oates ne ya ƙaga shi, ya ce Katolika na shirin kashe Charles na Biyu, aka kashe mutum fiye da 20 a kan shaidar zur, kuma abin da ya sa aka gaskata shi da sauri shi ne tunanin gangunan 1605 da ake sabuntawa duk shekara. Su ma Katolika sun mayar da martani da irin wannan makami, inda wasu marubutansu, musamman a ƙarshen ƙarni na 19, suka yi iƙirarin cewa Cecil ne ya kitsa abin tun farko ko kuma ya bar shi ya nuna don ya sami hujjar murƙushe su. Mafi yawan masana tarihi ba su karɓi wannan ba, domin ikirarin waɗanda aka kama da gudun Catesby da faɗan Holbeche sun ishi hujja. A ganina abin da za a iya ɗora wa Cecil shi ne ya iya cin moriyar abin da ya faɗo hannunsa, wanda kuma ba sai an ƙaga makirci ake yin haka ba.

Majalisar da aka so tayarwa ita ta kafa dokar tunawa a Janairu 1606, wadda ta wajabta addu'ar godiya a kowane coci ranar 5 ga Nuwamba, dokar da ta zauna har 1859. Ko da Birtaniya ta sauya kalanda a 1752, aka tsallake kwana 11, ba a matsar da ranar ba, an riƙe lambar aka saki lissafin. A farkon lamari mutum-mutumin Fafaroma ake ƙonawa, al'adar ta kuma ƙetara zuwa Boston da sunan Ranar Fafaroma, har George Washington ya hana sojojinsa yin ta a 1775, lokacin da yake neman goyon bayan Katolikan Kanada. Sannu a hankali siffar Fawkes ta maye gurbin, aka wayi gari ana kiran daren da sunansa, Catesby kuwa sai ɗaliban tarihi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda aka raɗa wa yunƙurin 1976 sunan Dimka da na 1990 sunan Orkar, domin sunan wanda aka ji muryarsa a rediyo shi ke bin abin, kamar yadda na wanda aka kama da fitila a hannu ya bi na Westminster. Fitilar ma tana nan a gidan tarihi na Ashmolean da ke Oxford, sa hannunsa bayan azaba kuwa yana nan a ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya, inda ya rubuta Guido, sunan da ya ɗauka a rundunar Sifaniya, da baƙaƙe masu karkarwa da kyar ake karanta su.

Daga nan ne sunan mutum ya zama kalmar gama-gari. A da yaran Ingila sukan samo tsohon wando da tsohuwar riga su cusa musu ciyawa ko tsofaffin jaridu, su ɗora hula, su tura abin a baro suna bin tituna suna roƙon "a penny for the guy", wato a ba su kwabo saboda gunkin, kusan yadda yaran tashe ke bin gidaje da dare a watan azumi, sannan su sayi kayan tartsatsi da kuɗin, su jefa gunkin a wuta. A farkon ƙarni na 19 "guy" da ƙaramin baƙi tana nufin wannan gunki. Ba a jima ba ta koma nufin duk mutumin da ya yi shiga ta ban dariya, mai kama da dodon gona, aka kuma sami aikatau daga gare ta mai nufin yi wa mutum ba'a. Da ta ƙetara Amurka, inda bikin ya riga ya mutu kuma ba a ganin gunkin, sai zagin ya zube a hanya, zuwa tsakiyar ƙarnin ta zama namiji kawai, wani mutum, wani taliki. A ƙarni na 20 ta ƙara faɗaɗa, domin Turanci ya daɗe da rasa bambanci tsakanin kai da ke da ku, duka "you" ne, sai Amurkawa suka toshe giɓin da "you guys" idan jama'a suke nufi, maza ne ko mata ko a gauraye. Malamar makaranta a Chicago da ke kiran ɗalibanta mata da wannan lafazi ba ta tunanin wani sojan York da aka rataye a 1606.

Tafiyar ba ta tsaya nan ba. Fina-finan Amurka da Turancin birane sun kawo kalmar Afirka ta Yamma, inda ta ɗauki ma'anar saurayi mai ji da kansa da iya sa kaya, kuma bisa ga dukkan alamu daga nan Hausa ta samo gaye, ta yi masa jam'i gayu, ta haifi ɗan gaye da 'yar gayu da yin gayu. Idan aka jera matakan sai a ga kalmar ta yi juyin waina, domin a Landan ta ƙarni na 19 wanda aka kira "guy" mai mummunar shiga ne da ake yi wa dariya, a Kano kuwa ɗan gaye shi ne wanda shaddarsa ta sha bugu, takalminsa ke ƙyalli, turarensa ke riga shi isa wuri. Tufafi ne zaren da ya haɗa ma'anonin biyu, sai dai hukuncin ya kife. Dattijon da ke yi wa jikansa faɗa cewa gayu ba sana'a ba ce, yana kuma shirin sayar da fulotinsa don ya biya masa kuɗin makaranta, ya furta rabin ƙamus ɗin 1605 a zama ɗaya.

A Birtaniya ta yau an fi jin "Bonfire Night" ko "Fireworks Night", daren babbar wuta ko daren wasan tartsatsi, sunayen da babu sarki, babu Fafaroma, babu ko Fawkes a cikinsu, kuma iyalai Katolika da Musulmi da Hindu suna fita kallo tare da kowa. An ba Katolika damar shiga majalisa tun 1829, ko da yake dokar 1701 da ta hana ɗan ɗarikar hawa karaga tana nan daram. Inda tsohuwar ma'anar ta rage da ƙarfinta shi ne garin Lewes, a kudancin Ingila, inda ƙungiyoyin gari ke zagayawa da gicciye 17 masu ci da wuta don tunawa da Furotesta 17 da aka ƙone a can tsakanin 1555 da 1557, ana kuma ƙona siffar Paul na Biyar, wanda shi ne Fafaroma a 1605, tare da ta 'yan siyasar da suka ɓata wa jama'a rai a shekarar. 'Yan jarida kuwa sukan aro sunan su yi wasa da shi a kanun labarai duk lokacin da 'yan majalisa suka haɗa baki don tsige shugaban jam'iyyarsu, musamman idan abin ya faɗo a watan Nuwamba, kuma akwai tsohuwar zolayar da ke cewa Fawkes ne mutum na ƙarshe da ya shiga majalisa da niyya ta gaskiya.

Wannan zolaya ita ta share fagen juyi na ƙarshe. Wani littafin labari mai zane da aka fara bugawa a Birtaniya a shekarun 1980, wanda aka mayar fim a tsakiyar shekarun 2000, ya sanya wa jaruminsa farar fuskar roba mai murmushi da siririn gashin baki da ɗan gemu, da sunan fuskar Fawkes ce. Daga 2008 masu kutsen intanet na Anonymous suka ɗauke ta, masu zanga-zangar 2011 suka biyo baya, ta bazu har wasu gwamnatoci suka hana shigo da ita ƙasashensu. Mutumin da ya so ya dawo da ikon cocin Roma a kan Ingila ya zama tambarin masu ƙin kowane irin iko, abin da shi kansa da ya ji zai yi tir da shi. Hukuma kuwa ba ta saki nata ɓangaren ba, domin har yau, duk ranar da sarki zai buɗe majalisa, dogaran fada da ake kira Yeomen of the Guard sukan sa jajayen kayansu irin na zamanin da, su ɗauki fitilu, su zagaya ɗakunan ƙasa na Westminster suna neman albarushi, ko da yake ɗakin da aka kama Fawkes a ciki ya shafe tun ƙarni na 19, ginin da suke bincikawa kuwa an tayar da shi ne bayan gobarar 1834.